Renon Jaruma a Littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani: Nazari Daga Mahangar Sarautar Inna ta Gobir

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda Abdoulaye Mamani ya gina tasowar Sarauniya Mangu a ƙagaggen labarinsa, sannan ta auna shi da sarautar Inna ta Tsibirin Gobir. An gano cewa marubucin ya ɗora jaruntar mace bisa renon namiji, alhali al'adar yankin Maraɗi tana da tata hanyar ba mace iko.

Gabatarwa

An buga Sarraounia da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya lashe babbar kyautar FESPACO a 1987. Tushen labarin shi ne gumurzun Lugu, a ƙasar Arewa ta Nijar, cikin Afrilun 1899, inda Azna, mabiya addinin gargajiya ƙarƙashin Sarauniya, suka tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine. Bayan Lugu da Birnin Ƙwanni, rundunar ta ratsa ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi tana ƙone garuruwa. An harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da rundunar, a Dankori ranar 14 ga Yuli, sojojin kuma suka kashe jagororinsu biyu a wajen Mai Jirgi cikin 'yan kwanaki. Saboda haka mutanen gundumomin Gidan Runji da Agye da Gazawa suna da haƙƙi a kan wannan labari, domin ta ƙasar kakanninsu masifar ta bi.

Renon Jaruma

Mamani ya raba jarumarsa da uwa tun ranar haihuwa. Dawa, aminin mahaifinta, shi ya rene ta da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da baka da sanin itatuwan magani da asiran daji. Damisa ta zama alamarta. Kowane matakin girmanta yana nisanta ta da ɗakin mata, har ya zamana ƙarfinta ya fito daga abin da maza suka ba ta da kuma tsafi. Wannan zaɓi ya dace da manufar marubucin, wanda ɗan gwagwarmayar Sawaba ne da ya sha gudun hijira, yake kuma neman gwarzuwar da za ta tsaya wa ƙasa baki ɗaya.

Inna a Tsibiri

A fadar Gobir, Inna 'yar gidan sarauta ce. Ita ke shugabantar mata da 'yan bori, tana da gidanta da mabiyanta, ana kuma jin maganarta a fada. Takwararta a Maraɗi ita ce Iya. Ikon waɗannan mata yana tsirowa ne a tsakanin mata, ta gado da girka da hidimar jama'a. A Lugu ma, Sarauniya shugabar addinin gargajiya ce kafin komai, sannan binciken Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho ya nuna tazarar da ke tsakanin ta tarihi da ta littafi.

Kammalawa

Mamani ya ceto sunan Mangu daga mantuwa, wannan kuwa babban aiki ne. Sai dai ɗalibar da ta karanta shi kaɗai za ta iya ɗauka cewa mace ba ta zama jaruma sai ta bar tarbiyyar uwaye mata. Ya kamata malamai su riƙa koyar da littafin tare da tarihin Inna da Iya, manazarta kuma su gaggauta naɗar abin da dattijan waɗannan gundumomi uku suka gada game da 1899.