Yatsa Ko Buroshi: Tsohuwar Gardama A Gaban Madubi

Duk mai kallon bidiyon masu kwalliya a TikTok ya saba ganin buroshi iri-iri jere a gaban madubi, har wasu 'yan mata na ganin shafa kwalliya da yatsa ƙauyanci ne. Sai dai tarihi ya nuna cewa tun da can, irin abin da za a shafa shi ke zaɓar abin da za a shafa shi da shi.

A tsohuwar Masar, fiye da shekara 5,000 da suka wuce, maza da mata na niƙa dutsen kwalli a kan ɗan falalen dutse su zizara a ido. Masana na ganin da yatsa aka fara yi, sai wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ɗan tsinken kwalli na katako ko ƙashi ya bayyana. Dalilin a fili yake: yatsa ya yi wa bakin ido kauri. Irin tsinken nan ne har yau ke cikin tandun iyayenmu.

Shi kuwa buroshi, akwai inda ta hanyar rubutu ya shigo. A garin Kumano da ke kusa da Hiroshima a Japan, manoma kan tafi cirani bayan girbi, su dawo da tawada da buroshin rubutu suna sayarwa. A ƙarni na 19 suka koyi yin sa da kansu. Da alƙalamin zamani ya rage musu kasuwa, sai suka juya gwanintarsu ta tsara gashin akuya da na kurege zuwa ga fuska. A 2011, da 'yan wasan ƙwallon ƙafa mata na Japan suka ci kofin duniya, buroshin kwalliyar Kumano gwamnati ta ba su kyauta.

Duk da haka yatsa bai bar fage ba. A 1873 Ludwig Leichner ya fara sayar wa 'yan wasan dandamali na Balin kwalliya mai maiƙo, wadda ake murzawa da yatsa, domin ɗumin jiki ke narkar da maiƙon ya kwanta a fata. Garin hoda kuwa ba ya son gumin hannu, curewa yake yi, gashi mai laushi ke baza shi daidai.

Daga nan kyamara ta shiga tsakani. Da fim mai launi ya zo Amurka, maiƙon nan sai ya riƙa ƙyalli a hoto. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Max Factor ya fito da dunƙulalliyar hodar Pan-Cake, wadda ake ɗiba da jiƙaƙƙen soso. Yau da kyamarar waya ke tona kowane layi a fuskar amarya, ba mamaki kayan aiki sun ƙaru.

Saboda haka wadda ba ta da kuɗin jerin buroshi ba ta yi asara ba: mai maiƙo na yatsa ne, gari na buroshi, ido kuma na tsinke. Abin da ya fi zaɓin muhimmanci shi ne tsafta. Buroshin da ya bi fuskar ƙawayen amarya goma ba wanki, ko tsinken kwallin da gida guda ke karɓa-karɓa da shi, na iya yaɗa ƙuraje da ciwon ido. Yatsa kuwa ruwa da sabulu sun ishe shi.