Daga Ijaza Zuwa Digiri: Yadda Ɗalibin Katsina Ya Riƙa Samun Abin Yi



An nemi in yi magana a kan shirin da ya kamata ɗalibin jami'a ya yi domin neman aiki. Ni kuwa ban taɓa zama a ofishin ɗaukar ma'aikata ba, ɗan abin da na taɓa shi ne tarihi. Saboda haka zan bi da ku ta hanyar da na sani, watau mu duba yadda ɗalibin birnin nan ya riƙa tashi daga gaban malaminsa ya shiga neman abinci, tun daga zamanin Gobarau har zuwa yau. Abin da nake so in nuna shi ne, zaton nan da yawancinmu muka tashi da shi, cewa duk wanda ya gama karatu aiki na nan yana jiransa, ba tsohon abu ba ne. Kimanin shekara sittin ya yi yana tabbata, sa'an nan ya wuce ya bar mu da zaton kawai.

Tun wajen ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da Shehu Magili ya ratso ƙasar Hausa, Katsina ta yi suna wajen karatu. A wancan tsari babu ranar yaye ɗalibai, babu kuma takarda guda da ke cewa wane ya gama. Ɗalibi yakan zauna a zauren malami ya karanta littafi guda, kamar Risala ko Askari, har ya sauke shi. In malamin ya gamsu sai ya ba shi ijaza, wadda a cikinta yakan ambaci sunan ɗalibin, da littafin, da kuma jerin malaman da shi kansa ya karɓo ilmin daga gare su. Ku lura da wannan da kyau. Ijaza shaidar mutum ce a kan mutum. Malamin ya sa sunansa da mutuncinsa jingina ne, in ɗalibin ya je wani gari ya kasa, to, kunyar ta malam ce.

Amma ijaza ba ta ciyar da kowa ba. Muƙaman da masu ilmi ke samu a fada, kamar alƙalanci da limanci da rubuta wasiƙun sarki, ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Mafi yawan malamai da almajiransu da sana'ar hannu suke riƙe da gida: ɗinki, da rini, da kwafar littattafai, da fatauci, da noma da damina. Waliyyi Ɗanmarina, wanda ya yi zamani a ƙarni na 17 tare da Ɗanmasani, sunansa ma ya nuna gidan da ya fito, domin da Larabci Ibnus Sabbagi ake kiransa, watau ɗan mai rini. Sunayen unguwanni irin su Masanawa da 'Yantandu har yau suna tuna mana cewa karatu da sana'a a jere suke cikin birni ɗaya. Yaron da ke son fatauci kuwa sai ya kama ubangida, ya yi shekaru yana bin ayari, yana koyon awo da lissafi da sanin fatoman kowane zango, kafin a ba shi jari. Nan ma abin da ke buɗe masa ƙofa shi ne maganar wanda ya ga aikinsa da idonsa.

Wanda ilminsa ya fi ƙarfin kasuwar gida sai ya yi gaba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, ya bar ƙasar nan ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira yana koyarwa da wallafa littattafai, a can kuma ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ba wanda ya ajiye masa gurbi a Masar. Abin da ya iya ne ya sama masa masauki.

Turawa sun shigo Katsina a 1903, mulkinsu kuma ya zo da wata irin bukata. En'e na son akawu da ma'aji da malaman haraji masu rubutun boko, makarantun larduna kuma na son malamai 'yan ƙasa Musulmi waɗanda sarakuna za su amince da su. Wannan bukata ce ta haifi Kwalejin Katsina. An fara karatu a cikinta a 1921, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford kuma ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922. Ginin nan na ƙasa yana nan tsaye, shi ne yanzu gidan adana kayan tarihi, kuma ina roƙon duk ɗalibin da bai taɓa shiga ba ya je ya ga ƙanƙantar ɗakunan da aka yi wannan babban aiki a ciki.

A nan ne al'amarin ya juya. Yaron da ya shiga Kwaleji lardinsa ne ya zaɓo shi ya aiko, in ya gama shekara biyar kuma lardin nan zai koma ya koyar. Tun ran da ya sa ƙafa a makaranta ya san inda zai yi aiki. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, ya fita a 1931, ya zarce Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928, ya fita a 1933, ya zarce Midil ta Bauchi. Babu wasiƙar neman aiki, babu ganawa da masu tantancewa, babu yawon ofisoshi. Dalilin kuwa a fili yake: ɗaliban 'yan kaɗan ne ƙwarai, gurabun kuma sun fi su yawa.

Kada mu yi wa Kwalejin ado fiye da kima. Turancin baka ta fi bai wa ƙarfi, da lissafi, da ladabi, da wasanni irin su fayis da kurket. Ba ta fitar da likita ko injiniya ba, shi ya sa ayyukan reluwe da gidan waya da na kamfanonin Turawa suka daɗe a hannun mutanen Kudu. Lokacin da aka buɗe Babbar Kwalejin Yaba a Ikko a 1934, Sa'adu Zungur ne ɗan Arewa na farko da ya shige ta. Mata kuwa ba a ma yi zancensu ba, ko da yake an buɗe ajin 'yan mata a Katsina da Kano tun 1930. A 1938 aka ɗauke Kwalejin zuwa Kaduna, a 1949 aka mai da ita Zariya, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa.

Akwai wani abu a tarihin mutanen Kwaleji wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne nake so in ɗan daɗe a kai. Dukansu aikin malanta aka shirya su yi, amma kaɗan ne daga cikin waɗanda muke tunawa da su a yau suka yi suna da alli. Ku ɗauki Abubakar Imam. Ya gama Kwaleji a 1932, aka ba shi aji a Midil ta Katsina, ga albashi, ga girma. Da ya so da ya zauna a nan har ya yi ritaya. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga larduna yana neman wanda zai rubuta labarin ƙirƙira da Hausa. Wannan ba ya cikin aikin malamin Midil, ba ya kuma cikin jarrabawar da Imam ya ci. Ya zauna ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Ɓalewa a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Da East ya ga hannun Imam sai ya nemi a ba shi aronsa a 1936, ya je Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka tashi kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, ba a yi cigiyar edita ba, domin an riga an san wanda ya iya. Takardar Kwaleji ta kai shi aji. Aikin da ya yi bayan an tashi daga makaranta, wanda wani babba ya gani ya shaida, shi ya kai shi sauran wuraren. Daga baya ma har ya zauna a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, yana tantance waɗansu.

Haka Isa Kaita. Shi ma malami ne a Midil ta Katsina, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya sa Turawa suka bukaci masu karanta labarai da Hausa a rediyo. A 1941 aka kai shi Ankara, babban birnin Gana ta yau, tare da Bello Dandago na Kano. Muryarsa da iya tsara zance ne suka fitar da shi, har ya zo ya zama Ministan Ilmi na Jihar Arewa.

Daga 1954 gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar mai da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa. Makarantar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya ta riƙa ba akawuna da ma'aikatan En'e horo na gaggawa suna fitowa mataimakan Di'o. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙirƙiro jihohi a 1967 da 1976 ya ninka ma'aikatu, kuɗin man fetur ya zo, shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya haɗiye duk wanda ya iya riƙe alli. Waɗanda suka yi jami'a a shekarun 1970 za su gaya muku cewa ma'aikatu da bankuna ne ke zuwa har makaranta suna zawarcin 'yan ajin ƙarshe, mutum ya gama bautar ƙasa, wadda aka fara a 1973, ya tarar da gida da rancen mota. Wannan ne zamanin da iyayenku suka gani ko suka ji labari, shi ne kuma ma'aunin da har gobe ake auna ku da shi a gida. A ganina ba a yi muku adalci ba.

Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatoci suka shiga rage ma'aikata, a 1986 kuma aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP. Ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987 ya buɗe waɗansu gurabu, amma na ɗan lokaci ne, domin ma'aikata in ta cika ta cika. Masana'antar mulmula ƙarfe da aka buɗe a birnin nan a 1982 ba ta zama uwar masana'antu ba kamar yadda aka yi fata. Shi kansa Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda jami'ar jiha ke ɗauke da sunansa, ya bar koyar da kimiyya a 1983 ya koma shugabancin wata gona a Funtuwa. A ɗaya gefen kuma masu digiri sai ƙaruwa suke: Jami'ar Al-Qalam a 2005, jami'ar jiha a 2006, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ban da kwalejojin ilmi da ta fasaha ta Hassan Usman. Lissafin da ya yi wa mutanen Kwaleji daɗi ya juye, ɗalibai sun fi gurabu yawa nesa ba kusa ba.

To, da gurbin da ake ajiyewa ya kau, me ya rage? Abubuwa biyun nan na zamanin ijaza ne suka rage: abin da mutum ya iya wanda za a gani da ido, da kuma wanda zai tsaya ya shaide shi. Mai ɗaukar aiki a yau, ko banki ne ko asibiti ko kamfanin sadarwa, takardu ɗari ke gabansa masu daraja iri ɗaya. Digiri na sa a karɓi takardarka ne kawai. Bayan nan sai ya sa ka gaban kwamfuta, ko ya ce ka rubuta masa shafi guda, ko ka bayyana masa binciken da ka yi a ajin ƙarshe cikin minti biyar. Na taɓa zama cikin masu tantance malamai a wata makaranta, muka tambayi wani saurayi mai kyakkyawan sakamako abin da kundinsa ya gano, ya rasa ta cewa. Ba jahili ba ne. Bai dai taɓa ɗaukar kundin nan a matsayin aikinsa ba, ya ɗauke shi shinge ne da ake tsallakewa.

Na san wani zai ce a zuciyarsa, ai malam, yau sai kana da hanya. Ban musa ba, alfarma ta yi yawa, kuma tana cutar ƙasa. Amma a bambanta alfarma da shaida. Mai yi maka alfarma bai ga aikinka ba, darajar ubanka ko ta wanda ya aiko ka yake dubawa, shi ya sa ɗan talaka ba ya samunta. Mai shaida kuwa ya gani, kamar yadda East ya ga rubutun Imam, kuma wannan ɗan kowa na iya samu. Sai dai ba a samunta ranar da ake bukata. Ɗalibin da ya shekara huɗu a bayan aji, malami bai san sunansa ba, ran nan ya zo da fom yana neman a rubuta masa takardar shaida, abin da zai samu layi uku ne waɗanda mai karantawa ya san ba su da nauyi.

Tsarin jami'a na yanzu yana da wuraren da aka tanada domin wannan, sai dai an mai da su al'ada. Tun 1973 Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, ya kafa shirin SIWES, wanda ke tura ɗaliban kimiyya da fasaha da aikin gona su yi watanni a wurin aiki na gaske kafin su gama. Wannan shi ne bin ayarin zamaninmu. A can ne ɗalibi zai taɓa injin da a aji hotonsa kawai ya gani, a can ne kuma wani shugaban sashe zai iya cewa na san yaron nan, ya yi wata shida a ƙarƙashina. Amma kowa a ɗakin nan ya san yadda ake yi: a sami ofishin wani kawu, a leƙa sau biyu, ranar ƙarshe a kai littafin rahoto a cike shi a zama ɗaya a buga hatimi. Ɗalibin ya sami makinsa, ya kuma dawo makaranta ba tare da mutum ko guda da zai iya ambata a takardar neman aikinsa ba. Shekarar bautar ƙasa ma haka take tafiya ga da yawa, alhali ita ce shekara ta ƙarshe da gwamnati ke biyan mutum alawus domin ya zauna a wurin aiki ya koya.