Tarihin Murhu da Tattalin Wuta a Ƙasar Kafanchan

Tun kafin a san da wani gari wai shi Kafanchan, mazauna wannan yanki sun ƙware wajen sarrafa wuta, domin masu binciken kufai sun tabbatar da cewa mutanen da ake jingina wa sunan Nok, wani ƙauye a ƙasar Jaba, suna narka tama da gawayi fiye da shekara 2,000 da suka shuɗe. Amma wutar girki, wadda ita ce lalurar kullum, ta daɗe a kan duwatsu uku, kuma da yake kurmi na kewaye da ƙauyukan Fantswam da Bajju da Kagoro da Kaninkon, mace ba ta buƙatar kome sai gatari da gammo, ga karan dawa da totuwar masara suna jiranta bayan kaka.

Jirgin ƙasa ne ya sauya wannan hali. Da layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya ratsa ma'adinan kwal na Inugu, ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, sai gari ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace nahiya ta ƙasar, mutanen da ba su da gona balle dajin da za su yi itace. Ta haka itace da gawayi suka zama haja, ana kasa su ana saye da kwabo, kurfoti kuwa ya sami gurbi a gidajen haya. Bayansa risho ya shigo, ya kuma yi kaka-gida bayan buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, har aka kai zamanin da kayan ɗakin amarya ba su cika ba in babu shi.

Sai dai makamashin da yake zuwa daga nesa yana da aibi guda, wato ranar da hanya ta toshe yakan yanke. An ɗanɗana wannan a 1994, lokacin da yajin aikin ma'aikatan mai ya sa kananzir ya yi ɓatan dabo, talakawa suka koma ga murhun da suka laƙaba wa sunan Abacha. Hikimarsa abin a tsaya a duba ce: a sami gwangwani a huda gefensa daga ƙasa, a tsayar da kwalba a tsakiya, a danƙara dusar katako kewaye da ita, sa'an nan a zare kwalbar a cinna wuta a cikin ramin, iska na shiga ta ƙasa, harshen wuta na tashi daidai gindin tukunya, alhali abin da yake ci ɗin shara ce da masu yankan katako suke neman kai da ita.

Fitinun da suka auka wa yankin sun maimaita darasin da harshe mai zafi. A watan Maris na 1987, da Afrilun 2011 sa'ad da kasuwar Kafanchan ta ƙone, da dokar hana fita ba dare ba rana ta Disambar 2016, da kullen annobar korona a 2020, gidaje da yawa sun fahimci cewa hatsi a rumbu ba ya zama abinci sai da abin dafa shi. Matan da suka ga jiya suka ga yau sun san ba a fafe gora ranar tafiya: sukan jibge busasshen itace a rumfa kafin damina, su jiƙa wake tun dare, su jefa masa kanwa don ya yi saurin nuna, su rufe tukunya, su zare ragowar bakin wuta su kashe don gobe.

Janye tallafin kananzir a 2016, da na fetur a 2023, tare da tsadar gas, sun sake tura jama'a daji, ga shi kuwa dajin ba na da ba ne, domin buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi ana lodinsu zuwa Abuja da Kaduna itatuwa ne da aka sare ba a maye gurbinsu ba. Don rage irin wannan saran daji ne, tun kafin a janye tallafin, ƙungiyar DARE ta Kaduna, da haɗin gwiwar atmosfair ta Jamus, ta yaɗa murhun ƙarfe mai suna Save80, wanda aka ƙera don ya rage cin itace da kashi 80 cikin 100, yana zuwa da mazubin da ake saka tukunya bayan ta tafasa, abinci ya ƙarasa nuna da zafin kansa.

Malamai sun hana israfi ko da a ruwan alwala ne, kuma babu hujjar ware wuta daga wannan hukunci. Gidan da ya saba dafa tuwon acha da ƙirare kaɗan a lokacin afuwa, shi ne wanda tanadinsa na mako guda zai kai shi wata idan tsanani ya zo.