Tagogin Asibiti da Tarin Fuka a Zangon Kumasi

Mahaifina ɗan dako ne a asibiti. Shi ke tura majinyata zuwa ɗakin hoton ƙirji, shi ke kwashe kwanonin kaki da asuba. A babban asibitin Kumasi ya yi aiki, wanda aka gina a kan tudun Bantama a tsakiyar shekarun 1950, aka fara kiransa Asibitin Tsakiya kafin a raɗa masa sunan Komfo Anokye. Mu har gobe "Gi" muke ce masa, da sunan kamfanin da ya yi ginin. Ranar da na fara aikin jinya, nasiha ɗaya Baba ya yi mini: "'Yar nan, duk ɗakin da kika shiga, fara duban tagarsa." Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Labarin Zango da jami'an lafiya ya girme Baba. Kakanninmu fataken goro ne. Bayan Turawa sun gama kama Kumasi a 1900, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sakandi a 1903, sai Hausawa da Mosawa da Wangarawa da Yarabawa suka cika unguwar, gida manne da gida. A 1924 annobar ɓera ta faɗa garin, ta yi ɓarna a Zango. Hukuma ta rushe gidaje, daga baya aka gina Sabon Zango, aka kafa hukumar lafiya ta gari a 1925. Kakata ba ta taɓa ba da labarin annobar ba tare da labarin rusau ba. Dubagari kuwa, wanda a nan ake kira samasama saboda sammacin da yake rabawa, idan ya shigo lungu mata sukan ruga su kifar da randa. Abin da mutane suka koya a lokacin shi ne, wanda ya bayyana cutarsa ga hukuma ya jawo wa gidansu. A ganina wannan tsoron bai gama fita daga jininmu ba.

Tarin fuka ya samu wurin zama a cikin wannan shirun. Leburori 'yan Arewa sukan dawo daga ramukan zinariya na Obuasi da Tarkwa da ƙirji a lalace, su sauka a gidan maigida a Zango, ɗaki guda mutum biyar ko shida, 'yar tagar ma an toshe ta da kwali saboda sauro. Asantawa suna kiran cutar nsamanwa, wato tarin fatalwa. Mu ko sunanta ba mu son kamawa. Sai a ce sanyi ne ya shige shi, ko a ce sammu ne. A ba shi zuma da citta, a yi masa rubutu, a ware masa kwano da cokali, da dare kuma a rufe ƙofa a kwana tare da shi. Ranar da jini ya fito a kaki, ranar ake neman mota.

To, wa ke tarbarsa a asibiti? Mai yankar kati, sai ɗan dako, sai mai shara, sai nas. Likita yana can ƙarshen layi. Mutumin zai wuni a benci yana tari kafin wani ya san abin da ke damunsa, kuma ƙananan ma'aikatan nan, da yawansu 'ya'yan unguwanninmu ne na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, su ke shaƙar numfashinsa tun safe.

Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882, amma sai a shekarun 1950 Richard Riley ya tabbatar da hanyarta a Baltimo ta Amurka. Ya ja iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu zuwa kejin ɓerayen Masar, waɗanda ba su taɓa kwano ko mayafin kowa ba, suka kamu. Ashe cokalin da muke warewa ba shi da laifi. A 2007 aka buga wani bincike daga asibitocin Lima ta ƙasar Peru: tsofaffin ɗakuna masu dogon rufi da manyan tagogi, idan an buɗe su, iskarsu takan sauya kusan sau 40 a awa guda, sababbin gine-gine kuwa sau 17. Da na ji wannan a wani taron horo, Baba na tuna, wanda bai yi boko ba.

Gana ta kafa shirinta na yaƙi da tarin fuka a 1994, magani kyauta, majinyaci ya sha a gaban ma'aikaci. An ceci rayuka da yawa, na gani da idona. Sai dai hankalinmu duka ya tafi kan ƙwaya, muka manta da iska. A wani asibiti da na yi aiki, aka gyara ɗakin kati, aka cire tagogi masu buɗewa aka liƙa gilashi, aka sa na'urar sanyaya ɗaki. Duk muka yi murna, har da ni. Ba a yi shekara biyu ba yarinyar da ke yankar kati ta fara ramewa. Wata uku tana ɓoyewa, tana hawa mota zuwa wani asibiti a ƙarshen gari don kada a gane ta a layin magani. Da na tsare ta, kuka ta sa: "Mma, idan aka ji a gida, wa zai aure ni?" Har yau ina jin nauyin watannin nan uku, domin kullum ina gaishe ta ta cikin gilashin ban lura ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kare ma'aikata a asibitocin ƙasashe marasa ƙarfi tun 1999, ta sabunta su a 2009, bayan abin da ya faru a Tugela Ferry ta Afirka ta Kudu, inda tarin da ba ya jin magani ya kashe 52 cikin majinyata 53, har da ma'aikatan asibiti. Binciken ƙasa na 2013 kuma ya nuna masu cutar a Gana sun ninka abin da ake zato sau uku ko fiye. Takunkumin N95 yana cikin ƙa'idojin, amma a ƙasan jeri yake, kuma ba kullum ake samunsa ba. Abin da ke sama shi ne a gane mai tari tun daga bakin ƙofa.

Shi muka yi. Muka ajiye mutum a ƙofa mai jin Hausa da Asantanci, domin dattijon Zango ba zai faɗa wa baƙo yana tari ba, amma idan aka rusuna aka ce, "Baba, sannu da jiki, tarin nan ya kai mako biyu?" sai ya amsa. A ba shi takunkumi, a kai shi bencin baranda, a karɓi kakinsa a fili kafin kowa. Yarinyar katin ta warke bayan wata shida, ita ta roƙi a ba ta kujerar ƙofar.

Dare ne ya fi ba mu wuya. Da hunturu ya shigo, duk tagar da nas ta buɗe, majinyata sai su tashi su rufe, kuma da gaskiyarsu, ga sanyi ga sauro. Faɗa bai yi amfani ba. Muka je wurin limamin unguwa, ya yi magana bayan sallar Juma'a, 'yan kasuwa suka haɗa mana barguna, wani kafinta daga Aboabo ya zo ya buga wa tagogin ragar waya bai karɓi ko sisi ba.