Yadda Aka Fara Sa Ƙananan Ƙwaƙwalen Na'ura Gudun da Ya Wuce Ƙa'ida

A cikin rimot ɗin talabijin, ko injin wanki, ko mitar wuta, akwai wata 'yar baƙar ƙwaƙwalwa da ba ta fi farce girma ba. Ba ta motsi sai da bugun agogo, kuma kamfanin da ya ƙera ta kan rubuta iyakar bugun da za ta ɗauka a daƙiƙa guda. Wannan adadi alkawari ne cewa ko zafi ya tsananta, ko wuta ta ɗan ragu, aikinta ba zai kuskure ba. Shi ya sa kamfani kan bar rara, kuma rarar nan ce masu ƙwaƙwa suka daɗe suna farauta.

Daga manyan kwamfutoci abin ya faro. A 1984 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutar PC/AT mai gudun megahaz 6, wato bugu miliyan shida a daƙiƙa. Ba a jima ba mutane suka gano cewa in an cire kiristal ɗin da ke ba da bugun, aka sa mai sauri, sai ta kai 8. Daga baya IBM ya toshe wannan kafa.

Da dabarar ta sauko kan ƙananan ƙwaƙwale, buƙata ce ta jawo ta, ba son burgewa ba. Alec Bourque ya haɗa na'urar wasa mai suna Uzebox da ƙwaƙwalwar ATmega644, wadda iyakarta megahaz 20 ce, amma ya tura ta zuwa 28.6. Dalilinsa shi ne wannan adadi ninki takwas ne na siginar launi ta talabijin ɗin Amurka, don haka ƙwaƙwalwar da kanta take zana hoton, layi bayan layi. Wannan wayo na burge ni ƙwarai.

A Janairun 2021 kamfanin Raspberry Pi na Ingila ya fito da wata 'yar na'ura mai suna Pico a kan dala 4, da ƙwaƙwalwar RP2040 mai iyakar megahaz 133. Luke Wren, injiniyan kamfanin ne da kansa, ya kai ta 252 har ta aika hoto zuwa allon kwamfuta. A 2025 kamfanin ya amince da 200 a hukumance, muddin an ɗaga wutar cikinta zuwa bolt 1.15.

Mai karatu, in wasa ko gwaji kake yi, tura ta son ranka. Amma in za ka ɗora ta kan famfon ban ruwa ko batirin sola a zafin watan Afrilu, tsaya kan abin da kamfani ya rubuta.