Wai Wa Ke Taɓa Mana Ajiya A Banki?

Rannan da hantsi maƙwabciyata mai awara ta shigo mini da waya a hannu, ranta a ɓace. Ta ce, "Yaya, don Allah duba mini nan. Ni dai ban sayi komai ba, ban ci bashin kowa ba, amma kullum kuɗina raguwa suke yi." Na karɓa na duba. Ga kuɗin saƙon waya, ga kuɗin kula da kati, ga naira hamsin da aka cire ranar da ɗanta ya turo mata cefane daga Legas. Kowanne kaɗan ne, sai an haɗa su za ki ga ribar awarar yini guda ta tafi. 'Yar'uwa, na san ke ma kin taɓa ganin irin wannan, shi ya sa na ce bari mu koma baya mu ga mafarin abin.

Iyayenmu da kakanninmu ba su san banki ba, amma sun san ajiya. Mace takan sayi asusun ƙasa ta riƙa jefa kwabo da sisi, sai sallah ta matso ta fasa. In kuɗin sun yi kauri ta sayi akuya, ko ta ƙara kwalla da samira a jeren ɗaki, ranar da ta ɓaci a ɗauki ɗaya a kai kasuwa. Ga kuma adashi, wanda har gobe shi ne babban bankin matan aure. Kowa ta san ranar zubi, kowa ta san ranar kwasarta, abin da za a bai wa uwar adashi kuma an yi maganarsa tun farko, ba a ɓoye ba.

Shi banki Turawa ne suka zo da shi, kuma ba don talaka suka kawo shi ba. A 1894 aka kafa Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank daga baya, aikinsa shi ne hidimar gwamnatin mulkin mallaka da kamfanonin da ke sayen gyaɗa da auduga da fatu. Ana ba da labarin cewa Alhassan Ɗantata ya kai wa reshen bankin na Kano kuɗin azurfa lodin raƙumi ashirin. To kin ji irin mutanen da ake buɗe wa ƙofa a lokacin. Mai 'yan sulalla sai dai ya je gidan waya a ba shi ɗan littafin ajiya. Ko da aka kafa Bankin Arewa dab da samun 'yancin kai, ma'aikata da 'yan kasuwa ne suka fi morarsa. Mata da yawa kuma tsoron kuɗin ruwa ya hana su ko leƙawa.

A 1977 Babban Bankin Najeriya ya ga cewa bankuna sun cunkushe a birane, sai ya tilasta musu buɗe rassa a karkara, guda 200 a zagayen farko. Suka buɗe suna gunaguni, wai asara suke yi. Abin da mutanen ƙauye suka lura da shi kuwa, ana karɓar ajiyarsu hannu bibbiyu, amma in manomi ya nemi rance sai a ce ya kawo takardar gida ko ta fili a matsayin jingina. Ina manomi ya ga takardar fili, balle matarsa? Haka kuɗin ƙauye suka riƙa tafiya birni ana ranta wa masu hali.

Daga nan sai matsin tattalin arziki na SAP ya shigo a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi. A cikin wannan hali ne gwamnatin Janar Babangida ta kafa People's Bank a watan Oktoba na 1989, aka ce wannan na talaka ne. An ɗauko dabarar ne daga ƙasar Bangaladash, inda wani malamin jami'a mai suna Muhammad Yunus ya kafa bankin Grameen, yana ranta wa matan ƙauye 'yan kuɗi kaɗan ba tare da jingina ba. Mata kan haɗu ƙungiya-ƙungiya, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta, in ɗaya ta ƙi biya sauran ba za su samu ba. In kin lura, wannan ai adashi ne aka sa wa kwat da wando. Kuma matan nan suna biya, har abin ya kai Yunus da bankinsa ga lambar yabo ta Nobel a 2006.

A nan gida an naɗa Tai Solarin shugaban bankin, mutumin da aka san shi da rashin tsoro, Misis Maria Sokenu kuma ita ce manajar darakta. Da farko abin gwanin ban sha'awa. Mai tuyar ƙosai, da tela, da mai faci, duk suka samu shiga wurin da a da ko maigadi ba zai bar su su wuce ba. To amma ba a je ko'ina ba sai ga matsala. Wasu masu karɓar rancen suka ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, ba su ga dalilin biya ba. A cikin ma'aikatan kuma aka fara jin ƙishin-ƙishin na almundahana, har Tai Solarin ya ajiye muƙaminsa saboda takaici. A shekarar 2000 aka haɗe bankin da bankin manoma, sunansa ya ɓace. Ni dai a ganina ba talauci ne ya kashe shi ba, rashin riƙon amana ne daga sama da ƙasa. Bankunan al'umma da aka fara a 1990 su ma da yawa sun durƙushe, waɗanda suka rage aka mayar da su ƙananan bankunan ba da rance bayan 2005. A watan Janairu na 1998 kuwa bankuna 26 aka rufe a lokaci guda, kuma inshorar ajiya ta wancan zamani ba ta wuce naira 50,000 ga kowane mutum ba.

Yanzu mu zo kan cire-ciren nan. A da akwai kamasho da ake kira COT, naira 5 a kan kowace 1,000 da ta fita daga asusun masu amfani da cak. Babban Banki ya fara rage shi a 2013, ya ce zuwa 2016 za a daina. Shekarar na zuwa sai ga sabon kuɗi, wai na kula da asusu, naira 1 a kan kowace 1,000. A wannan shekarar ce kuma aka shigo da kuɗin kan sarki, naira 50 a kan duk kuɗin da suka shigo asusu daga 1,000 zuwa sama, kafin daga baya a ɗaga zuwa 10,000. Wannan kam aljihun gwamnati yake tafiya, banki karɓa kawai yake yi. Na'urar cire kuɗi ma haka aka yi ta wasa da ita. An soke naira 100 a ƙarshen 2012, an dawo da 65 a 2014, an rage zuwa 35 a 2020, sannan daga 1 ga Maris 2025 aka mayar da ita naira 100 a kan kowace 20,000 in kin cire a na'urar bankin da ba naki ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Har zuwa ƙarshen 2025, alhajin da aka turo wa miliyan goma naira 50 ake cire masa, mai awarar da aka turo wa dubu goma ita ma 50. In ta je cire dubu biyu a na'urar wani banki, naira 100 za ta biya, daidai da wanda ya cire dubu ashirin. Bankuna sukan ce ai suna biyan kuɗin dizal da masu gadi da ma'aikata, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai ajiyar masu ƙaramin ƙarfi, in aka tara ta, ita ce kuɗi mafi araha da suke juyawa, ribar da suke shelantawa duk shekara kuwa ta biliyoyi ce. Wanda ya ci moriyar ganga bai kamata ya ya da kwaurenta ba. Kin tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi? Mace na da kuɗinta a banki amma ta rasa na sayen gishiri, ta wuni a layi, ƙarshe ta je wurin mai POS ta sayi kuɗinta da kuɗinta. Tsofaffinmu suka ce haka suka sha layi a canjin 1984, da aka ba mutane ƙasa da mako biyu.

Abin da na gaya wa maƙwabciyata shi ne, asusun ajiya ba a cire masa kuɗin kula da asusu, in ta ga an cire ta koma bankin ta yi magana, in ba su saurare ta ba akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki a Babban Banki tun 2012. Ta yi shiru, can ta ce ita dai za ta bar asusun saboda saƙon ɗanta, amma ribar awara daga yau wurin uwar adashi za ta riƙa kaiwa, ranar Juma'a ma ita ke da kwasa.