Takardar da ba ta da jiha: tarihin gwajin da ya rage a IReV

1/
Jama'a, ku matso. Yau zaren namu kan ranar Asabar 25 ga Fabrairu 2023 ne, ranar da miliyoyin 'yan Najeriya suka yi ta latsa shafin IReV suna neman sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, shafin ya yi musu shiru. Ba siyasa na kawo ba. Tarihin gwajin manhaja ne. Ku biyo ni.

2/
Mu fara daga gida. Ɗauki rumfar zaɓe ɗaya a mazaɓar Jabo/Kagara, ƙaramar hukumar Tambuwal. An gama ƙirga ƙuri'a, jami'i ya cike takardar EC8A, wakilan jam'iyyu sun sa hannu. Sai ya ɗauki hotonta da na'urar BVAS ya tura. Wannan turawar ita masana ke kira "buƙata".

3/
Duk abin da kake yi a intanet haka yake. Wayarka ta aika buƙata, babbar kwamfutar da ake kira saba ta ba da amsa. Amsar tana da lamba. 200: an karɓa. 404: abin da kake nema babu shi. 500: laifin ba naka ba ne, saba ce da kanta ta rikice. Ku riƙe 500 ɗin nan, za mu dawo kanta.

4/
To ya ake sanin shafi zai yi aiki kafin ranar da ake buƙatarsa? Ana yi masa ƙarya. Injiniya ya sa wata manhaja ta yi kamar mutum dubu goma ce, ta yi ta antayo buƙatun bogi, shi kuma yana kallon inda za a fara nishi. Kamar mai kwale-kwale ya loda buhunan yashi kafin ya ɗauki mutane.

5/
Dabarar ta daɗe. Tun 1998 Stefano Mazzocchi ya rubuta JMeter don wannan aiki, kuma har yau ana amfani da ita, kyauta. Kamfanin Netflix ma ya wuce nan: ya ƙirƙiri Chaos Monkey, manhajar da ke kashe sabobinsa da gangan ana tsaka da aiki, don a ga ko sauran za su riƙe.

6/
Wanda ya yi wasa da gwaji kuwa, ya ji a jikinsa. Ranar 1 ga Oktoba 2013 gwamnatin Obama ta buɗe shafin inshorar lafiya na Amurka. Jama'a suka yi masa caa, ya durƙushe. Mutum shida kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. Amurka fa! Wannan matsalar nauyi ce: kaya sun fi ƙarfin jaki.

7/
Mu dawo Najeriya. INEC ba baƙuwar gwaji ba ce. A Maris 2015 ta gwada na'urar karanta katin zaɓe a jihohi 12. Duk da haka, ranar 28 ga Maris na'urar ta ƙi tantance Shugaba Goodluck Jonathan a Otuoke, duniya tana kallo. Tun nan ya kamata a gane cewa ranar gwaji daban, ranar zaɓe daban.

8/
IReV ya fara aiki a Agusta 2020, a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya. Aka yi Edo da Ondo da shi a 2020, Anambra a 2021, Ekiti da Osun a 2022. Wannan ya ma fi buƙatun bogi: takardu ne na gaske daga rumfuna na gaske. Ya yi aiki, mutane suka yarda da shi.

9/
Ranar 4 ga Fabrairu 2023, saura mako uku zaɓe, aka sake gwajin tantance masu zaɓe da BVAS a rumfuna 436 a faɗin ƙasa. Aka ce komai lafiya. Hukuma ta yi alkawari: za ku ga sakamakon rumfarku a wayarku.

10/
Ranar zaɓe ta zo. Rumfuna sama da 176,000, kowacce da takardu uku: shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar wakilai. Na 'yan majalisa suka fara shiga. Na shugaban ƙasa? A tura, ya dawo. A sake, ya dawo. Wannan 500 ɗin da na ce ku riƙe.

11/
Ga bayanin da INEC ta bayar a rahotonta na zaɓen, wanda ya fito a 2024. An tsara IReV ne ya ajiye kowace takarda a ƙarƙashin jiharta. Takardar sanata daga Jabo ta san gidanta: Sakkwato ta Kudu, jihar Sakkwato. Ta ɗan majalisa: Kebbe/Tambuwal, jihar Sakkwato.

12/
Takardar shugaban ƙasa fa? Mazaɓarta Najeriya ce gaba ɗaya, ba ta ƙarƙashin kowace jiha. Saba ta nemi inda za ta ajiye ta, ta rasa. Kamar ka kai saƙo tasha, ɗan kamasho ya ce motar wane gari, ka ce masa "Najeriya". Ai sai ya miƙo maka kayanka.

13/
Ku lura da kyau. Duk zaɓukan da aka yi da IReV daga 2020 zuwa 2022, kowanne a cikin jiha ɗaya yake ko Abuja. Gwamna, sanata, ɗan majalisa, ciyaman. Bai taɓa ganin takardar shugaban ƙasa a zaɓe na gaske ba sai ranar. An gwada shi sau da yawa, amma kullum tambaya iri ɗaya ake yi masa.

14/
A cewar hukumar, injiniyoyi sun yi gyara, takardar farko ta shiga da ƙarfe 8:55 na dare. Amma aikin gama ya gama. A sa'o'in nan na shiru, zargi ya cika gari. Jam'iyyun adawa ba su karɓi batun tangarɗa ba, suka tafi kotu.

15/
Ranar 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta ce rashin ɗora sakamako a IReV bai isa ya rushe zaɓe ba. Shari'a ta ƙare a nan. Amma yarda, in ta zube, kotu ba ta kwashe ta. Har gobe akwai matasan da ke cewa ba za su sake tsayawa layi a rana ba.

16/
Ko ka yarda da bayanin INEC ko ba ka yarda ba, ka ga nauyinsa: in gaskiya ne, to takardar bogi guda ɗaya ta shugaban ƙasa, a tura ta ta hanyar da ta gaske za ta bi, tana iya tona matsalar tun da sauran lokaci. Ba dubu goma ba. Ɗaya.

17/
Don haka ku 'yan uwa masu koyon haɗa manhaja, a Sakkwato ko Kano ko ɗakinku da waya ɗaya: gwaji tambaya biyu ne. Zai ɗauki nauyi? Sannan, wace irin buƙata ce bai taɓa gani ba? Mai suna ɗaya tal. Suna mai ƙ da ɗ. Hoton da netiwok ya yanke a tsakiya a ƙauye. Ku tura masa da kanku.

18/
Mu kuma masu ƙuri'a, in an ce mana "an gwada", mu tambaya: da me aka gwada, sau nawa, wa ya gani? Zaɓe na tafe, kuma rumfar nan ta Jabo za ta sake tura takardu uku.

Ƙarshe. Wanda ya yi aikin zaɓe a 2023, ya ba mu labarin abin da BVAS ta nuna masa a daren.